Alƙaluman Yawan Jama'a da Iya Karatu a Ƙauyen Kan Dutse: Nazari a Kan Sukur

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki Sukur, al'ummar da ke zaune a tsaunukan Mandara cikin Ƙaramar Hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, domin duba yadda ƙananan ƙauyukan kan dutse suke ɓacewa a cikin alƙaluman hukuma. An bi tarihin ƙirga mutanen wurin, an duba watan da ake yin ƙidaya da matakin da ake tsayawa wajen buga sakamako, sannan an auna hanyoyin da ake bi a Nijeriya wajen tantance wanda ya iya karatu da rubutu. Hujjar maƙalar ita ce, muddin sakamakon ƙidaya bai sauko zuwa matakin ƙauye ba, duk adadin da aka jingina wa wuri irin Sukur aro ne daga mutanen da ke zaune a gindin dutse, kuma da wannan aron ake yanke wa 'ya'yansu rabon malamai da azuzuwa.

Gabatarwa



A shekarar 1999 hukumar UNESCO ta sanya Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya sami wannan matsayi. Saboda haka an auna shi awo na ƙwarai: an san faɗin yankin da aka keɓe ya ɗan haura hekta 764, an san tudun ya wuce mita 1,000 daga bakin teku, an zana taswirar gidan sarki da hanyoyin dutse da wuraren tsafi da tsofaffin matoyan tama. Amma wanda ya buɗe littattafan sakamakon ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi a ƙasar nan, yana neman yawan mutanen da ke kwana a kan wannan dutse, ko yawan matan da suka iya karanta takardar asibiti, ba zai tarar da layin Sukur ba. Abin da zai samu shi ne Adamawa mai mutum 3,178,950, da Madagali mai mutum 135,142. A nan alƙaluma suka ja birki.

Wannan giɓi shi ne abin da na zo in yi magana a kansa. Na zaɓi Sukur ne domin ta fi kowane ƙauyen dutse a arewa maso gabas shahara. In har ita ba ta da layi, to ƙauyukan tsaunukan Gwoza da na Koma da na Mambila ba sai an faɗa ba.

Wurin da mutanensa

Sukur tana dab da iyakar Kamaru. Mutanenta suna magana da harshen Sakun, ɗaya daga cikin harsunan Cadi, wato dangin Hausa ne na nesa. Maƙwabtansu sun haɗa da Margi da Higi da Kapsiki da Wula. Sarkinsu ana ce masa Hidi. Kiyasin da ake yawan ambata na masu jin harshen, kusan mutum 15,000, ya samo asali ne tun farkon shekarun 1990, kuma kiyasin masana harshe ne, ba ƙidayar gida-gida ba.

Da ƙafa ake hawa. Hanyar da ta tashi daga gindin dutse zuwa unguwannin sama an shimfiɗe ta da faffaɗan duwatsu tun zamanin kakanni, wani wuri shimfiɗa, wani wuri matakala. Hagu da dama gonaki ne hawa-hawa, kowanne an tokare shi da jeren duwatsu don kada ruwan sama ya kwashe ƙasar. A cikin gida akwai rumbunan dawa, akwai kuma ɗakin da aka haƙa ƙasa inda ake turke sa ana kiwonsa. Duk buhun siminti, duk benci, duk allon da za a kai makaranta a can sama, a kan ɗan Adam zai hau. Na kawo wannan bayani ne domin shi ke nuna dalilin da ya sa ba za a auna sama da mudun ƙasa ba.

Abin da ya tara jama'a a kan dutsen tun asali abu biyu ne: tsaro da ƙarfe. Sukur ta daɗe tana narka tama tana sayar wa fataken da ke kai ƙarfen zuwa Barno. Nicholas David da Judith Sterner, waɗanda suka zauna a wurin suna bincike a shekarun 1990, sun yi bayanin wannan sana'a filla-filla. Da ƙarfen Turawa ya cika kasuwa, sai narkar tama ta mutu wajen 1960. Da farautar bayi ta ƙare, sai zama a kwari ya daina zama kasada. Daga nan iyalai suka riƙa sauka suna kafa gidaje kusa da hanyar mota da kasuwa. A yau ana maganar Sukur Sama da Sukur Ƙasa. Sarki ɗaya, harshe ɗaya, amma rayuwa biyu, kuma duk alƙalamin da ya haɗe su wuri guda ya ɓoye abin da ya fi muhimmanci a sani.

Su wa suka fara ƙirga su

Ba a raba tarihin ƙidaya a wannan yanki da tarihin tsoro. Hamman Yaji, basaraken Fulani da ya mulki Madagali, ya bar littafin ajiyar labarinsa na yau da kullum wanda ya faro daga 1912 zuwa 1927, shekarar da Ingilishi suka tuɓe shi. Da Larabci malamansa suka rubuta, kuma James Vaughan da Anthony Kirk-Greene sun buga fassararsa a 1995. A ciki yana lissafa hare-haren da ya aika kan mutanen duwatsu, har da Sukur, da yawan bayi da dabbobin da aka kamo. Wato kenan, cikin rubuce-rubucen farko da suka sa wa mutanen Sukur lamba, an ƙirga su ne a matsayin ganima.

Bayan shi sai ƙirgar haraji. Yankin ya fito daga hannun Jamus ya koma ƙarƙashin riƙon Ingila, kuma abin da ma'aikacin En'e yake nema in ya hau dutse shi ne baligan maza da za su biya. Mata da yara ba su dame shi ba sosai, magidanci kuma yana da dalili mai ƙarfi na ɓoye saurayin ɗansa a bayan rumbu. Sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 yankin ya zama ɓangaren Nijeriya, cikin Lardin Sardauna. Daga nan ya bi ta Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, Gongola a 1976, Adamawa a 1991. Kowane sauyin iyaka yana yanke zaren da mai bincike zai bi ya kwatanta adadin jiya da na yau.

Ƙidayoyin bayan mulkin kai kuwa kowa ya san labarinsu: an soke ta 1962, an yi ta gardama a kan ta 1963, an soke ta 1973. Ta 1991 ta ba da 88,992,220, ta 2006 ta ba da 140,431,790. Wadda aka shirya yi a Mayun 2023 an ɗage ta saura kwanaki kaɗan.

Inda sakamako yake tsayawa

Akwai bambanci guda tsakanin 1991 da 2006 wanda ba a cika kula da shi ba. Bayan ƙidayar 1991, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta fitar da adadin garuruwa da ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya. Bayan ta 2006 ba ta yi haka ba, ta tsaya a jiha da ƙaramar hukuma. Malaman ƙidaya sun hau duwatsu, sun rubuta lamba a jikin bango, sun shafa wa mutane tawada a babban yatsa, an kwashi takardun an tafi da su. Bayanin yana nan a wani wuri. Bai dawo wa masu shi ba.

Sakamakon wannan kuwa duk wanda ya taɓa duba kundin ɗalibi ya gan shi. Ɗalibi yana son yawan mutanen ƙauyen da yake nazari, sai ya ɗauko adadin 1991 ya ɗora masa haɓakar kashi 2.83 ko kashi 3.2 cikin ɗari a kowace shekara, ya kawo shi yau. A ɗauka, don misali kawai, wani ƙauye yana da mutum 1,000 a 1991. In aka lissafa da kashi 3.2, bayan shekara 30 zai zama kusan 2,570. Lissafin daidai ne, amma wannan haɓaka ta ƙasa ce baki ɗaya, da Legas da Kano a ciki. Ƙauyen da samarinsa suke sauka kwari shekara da shekaru, wanda gonakinsa na dutse ba sa ƙara faɗi, yana iya kasancewa bai ƙaru ba ko kaɗan, ko ma ya ragu. Sai a wayi gari an rubuta masa mutanen da ba ya da su, an kuma tauye wa unguwar ƙasa waɗanda suka koma cikinta.

Sannan ga abin da ya faru a 2014. A watan Agusta mayaƙan Boko Haram suka kama Madagali, ba da jimawa ba suka shiga Gulak, hedikwatar ƙaramar hukumar. A Disamba suka hau Sukur suka ƙona gidaje, har gidan Hidi bai tsira ba. Sojoji sun karɓe yankin a farkon 2015, amma hare-hare sun ci gaba tsawon shekaru. Wasu sun gudu Mubi da Yola, wasu sun tsallaka Kamaru, wasu daga kwari suka nemi mafaka a duwatsu. Makarantu sun daɗe a rufe. Babu wani lissafin haɓaka da zai iya ɗaukar irin wannan girgiza. Duk wanda ya ɗora kashi 3.2 a kan Madagali ya tsallake 2014 kamar ba a yi ta ba, ya rubuta abin da bai faru ba.

Watan da ake ƙirga

A Nijeriya ana ƙirga mutum ne a inda aka same shi. Ƙidayar 1991 a Nuwamba aka yi ta, lokacin kaka, sa'ad da kowane hannu yake gona ana yankan dawa. Ta 2006 a ƙarshen Maris aka yi ta, tsakiyar rani, lokacin da samarin karkara suke cin rani a birane. A babban gari wannan ba wani abin damuwa ba ne. A ƙaramin ƙauye yana iya canza fuskar alƙaluma gaba ɗaya, musamman yawan maza a kan mata. Na san akwai masu komawa gida takanas domin a ƙirga su a garinsu, amma wannan ma ba gyara ba ne, wata karkatar ce ta ɗaya gefen.

Indiya ta daɗe da gane cewa dutse yana da nasa kalandar. A ƙidayarta ta 2011 ranar da aka ɗauka ga ƙasa baki ɗaya ita ce 1 ga Maris, amma yankunan da ƙanƙara ke rufewa a Himachal Pradesh da Uttarakhand da Jammu da Kashmir an ƙirga su tun a Satumbar 2010, aka sa musu 1 ga Oktoba. Dalilinsu ƙanƙara ne, namu cin rani. Manufar dai guda ce: a je wa mutane lokacin da suke gida.

Wane ne ya iya karatu

A nan ne maganar ta fi sarƙaƙiya, kuma a nan zan fi daɗewa.

Ma'anar da UNESCO ta shimfiɗa tun 1958 ita ce, mutum ya iya karanta gajeren bayani mai sauƙi game da rayuwarsa ta yau da kullum, ya fahimta, ya kuma iya rubuta irinsa. Ma'anar ba ta ambaci makaranta ba, ba ta ambaci harshe ko nau'in baƙaƙe ba. Matsalar tana wajen aunawa.

Hanya ta farko ita ce ta ƙidaya: a tambaya, a rubuta amsa. Mu tsaya a ƙofar gida mu ga yadda abin yake gudana. Malamin ƙidaya ya hawo dutse tun safe, galibi ba ɗan wurin ba ne, Hausa yake ji, ba ya jin Sakun. Ya yi sallama, maigida ya fito ya shimfiɗa masa tabarma. Shi maigidan ne zai amsa wa kowa. An zo kan 'yarsa mai shekara goma. Ta iya karatu da rubutu? Tana zuwa makaranta, aji huɗu take, saboda haka uban ya ce ta iya, malamin ya cike gurbi. Ba wanda ya miƙa mata takarda. An zo kan matarsa. Ba ta taɓa zama a aji ba, sai ya ce ba ta iya ba, alhali kowace Lahadi tana buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa tana bin ayoyi da yatsa, domin da Hausa ake ibada a yawancin coci-cocin yankin. A gidan maƙwabcinsa Musulmi, dattijon da ya yi allo, yake rubuta bashin da ake binsa da ajami, shi da kansa zai ce bai yi karatu ba, don ya ɗauka boko ake tambaya. Cikin mintuna kaɗan an ƙara wadda ba ta iya ba, an zubar da biyu da suka iya. Kurakuran ba sa share juna, domin ba a kan rukuni ɗaya suke faɗawa ba: ƙarin yana kan yara 'yan makaranta, ragin yana kan mata da tsofaffi.

Cewa harshen da aka tambaya a kansa yana canza amsa, hukuma da kanta ta nuna. Binciken iya karatu da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2010 ya sami kashi 57.9 cikin ɗari na manya sun iya da Ingilishi, amma kashi 71.6 sun iya da wani harshe ko ma wanne ne. Tazarar ta kusa maki 14 a ƙasa baki ɗaya. A wurin da yaro yake tashi da Sakun a gida, ya koyi Hausa a kasuwa, ya haɗu da Ingilishi a allon makaranta, tambaya ɗaya mai amsar i ko a'a ba za ta iya ɗaukar wannan ba.

Hanya ta biyu ita ce ta gwaji, kuma ta fi gaskiya. A Binciken Yawan Jama'a da Lafiya na 2018, ban da waɗanda suka yi nisa a boko, ana miƙa wa mutum kati ne a ce ya karanta jimla. Da haka aka sami kashi 53 na mata da kashi 72 na maza masu shekara 15 zuwa 49 sun iya karatu. Sai dai wannan bincike na samfuri ne. An tsara shi a kan rukunai 1,400 da gidaje kusan 42,000 a duk faɗin ƙasar, kuma daga taswirar ƙidayar 2006 aka zaɓo su. An gina shi ne don ya yi magana a kan jiha, ba ƙaramar hukuma ba, balle ƙauye. Wuraren da babu tsaro an tsallake su. Ko da an yi sa'a rukuni ɗaya ya faɗo a kan dutse, gidaje 30 ne, za su narke cikin adadin Adamawa. Ƙari a kan haka, takardun binciken an fassara su ne zuwa Hausa da Yarabanci da Ibo, kuma cikin amsoshin da jami'i zai iya cikewa akwai cewa babu kati a harshen da mutumin yake so. Harshen Sakun kuwa sai a 2014 ya sami cikakken nazarin nahawu, wanda Michael Thomas ya kammala a Jami'ar Colorado.

Hanya ta uku ita ce a ɗauki rajistar makaranta a matsayin shaida. Wannan ita ce mafi rauni. Tun shirin ilimin firamare ga kowa na 1976, da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, sunaye sun cika rajista. Suna a rajista bai nuna ko malami yana hawa dutsen kwana biyar a mako ba, ko kuwa sai ranar da ya ji mai duba makarantu yana tafe.

Bayan hanyoyin aunawa, akwai batun wa za a raba da shi. Ƙidayar Nijeriya ta 2006 ta fara lissafin iya karatu daga shekara 6, Indiya tana farawa daga 7, adadin manya na UNESCO daga 15, binciken lafiya kuwa 15 zuwa 49. Mu sake ɗaukar misali na ƙage: unguwa mai mutum 240, yara 60 ba su kai shekara 6 ba, mutum 90 sun iya karatu. In aka raba 90 da 180, kashi 50 ne. In aka yi sakaci aka raba da 240, ya zama kashi 37.5. Unguwa ɗaya, rana ɗaya. Yanzu a ce samari 12 da suka iya karatu sun tafi cin rani a makon ƙidaya: 78 cikin 168, wato kashi 46.4. Mutum 12 sun kwashe maki kusan huɗu. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a buga kaso kaɗai ga ƙaramin wuri. A buga ainihin adadin mutanen, mai karatu ya ga da idonsa a kan mutum nawa ake magana.

Akwai kuma wani abu da ya fi waɗannan duka damuna. A tsaunuka, makarantar gaba da firamare a gindin dutse ake gina ta, inda motar kaya za ta kai. Yaron da ya yi ƙoƙari sauka yake yi, in ya gama ya wuce Mubi ko Yola ko Maiduguri, a can za a ƙirga shi. Dutse ne ya raine shi, iyayensa suka sayar da akuya suka biya masa, amma a takarda birni ne ya samu ƙarin mai ilimi. Saboda haka ƙauyen da makarantarsa take aiki sosai yana iya bayyana a alƙaluma tamkar wanda ba a taɓa buɗe aji a cikinsa ba. Wanda bai san wannan ba zai karanta ƙaramin adadi ya ce mutanen dutse ba sa son ilimi. Wannan hukunci zalunci ne, kuma an daɗe ana yi wa mutanen duwatsu irinsa.

Abin da maƙwabta suke yi

Kada a ce abin ya fi ƙarfin ƙasa mai tasowa. Nijar ta yi ƙidaya a 2012, kuma hukumar ƙididdigarta ta buga kundin garuruwa da ƙauyuka da rugage, kowanne da yawan maza da mata da gidaje, har da na duwatsun Abzin. Kamaru ta buga kundin ƙauyukanta daga ƙidayar 2005. Ma'ana, ƙauyen da ke ɗaya gefen tsaunukan Mandara, wanda ɗan Sukur yake zuwa cin kasuwarsa da ƙafa, yana da layi a littafin gwamnatinsa. Indiya ta wuce nan: ƙauyukanta sun haura 600,000, kuma kowanne an buga masa yawan gidaje, maza da mata, yara 'yan ƙasa da shekara 7, da waɗanda suka iya karatu maza daban mata daban. Da irin wannan aka ga cewa gundumar Lahaul da Spiti da ke tsaunukan Himalaya ta ragu daga 33,224 a 2001 zuwa 31,564 a 2011, alhali ƙasar tana ƙaruwa. Lissafin haɓaka irin namu da ya ce ta ƙaru.

Na san uzurin da ake bayarwa. A Nijeriya adadi kuɗi ne kuma kujera ce, da shi ake rabon arziki da yanka mazaɓu, kuma ƙidaya takan ƙare a gaban kotu. Ana tsoron in aka buga na ƙauyuka, ƙararraki za su ninka. Ni a ganina akasin haka ne. Adadin ƙaramar hukuma ba wanda zai iya bin diddiginsa. Adadin unguwa kuwa mai unguwa ya san gidajensa, limami da fasto sun san jama'arsu, in aka ƙara ko aka rage nan take za a gane. Ɓoye ƙananan alƙaluma shi ke ba wa maguɗi wurin fakewa. Batun sirrin mutane kuma ana magance shi ta hanyar buga jimla kawai, a haɗe unguwar da ta yi ƙanƙanta ƙwarai da maƙwabciyarta.

Abin da ya kamata a nema

Hukumar Ƙidaya ta riga ta shata yankunan ƙirga da na'ura mai aiki da tauraron ɗan Adam a shirin da ta yi wa 2023. Ma'aikatan rigakafin shan inna ma suna da jerin ƙauyuka da rugage da suka tara shekara da shekaru suna bi gida-gida. Kayan aikin suna nan. Abin da ya rage shi ne a ɗaure hukumar da alkawari, tun kafin a fara, cewa za ta buga sakamako ƙauye-ƙauye cikin wa'adin da aka ayyana, kuma a wuri irin Sukur a raba Sama da Ƙasa.

Tambayar iya karatu a faɗaɗa ta: da wane harshe, kuma da waɗanne baƙaƙe, boko ko ajami. A yi wa kowane baligi tambayar shi da kansa, musamman mata. A ƙara gurbi na 'yan gida da ba sa nan, ina suka tafi, yaushe, kuma mene ne iliminsu. A ɗauki malaman ƙidaya daga cikin masu jin harshen wurin, tunda akwai su.

Ba dole ne kuma mu zauna jiran Abuja ba. Ƙanƙantar da ta sa binciken samfuri ba ya ganin ƙauyen dutse, ita ce ta sa ana iya ƙirga shi kaf. Jami'ar Jihar Adamawa tana Mubi, akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Yola, kuma kowace shekara ɗalibansu suna neman abin da za su rubuta kundi a kai. Da izinin Hidi da masu unguwanninsa, ayarin ɗalibai da malaman firamaren wurin za su iya bin gidajen Sukur Sama a lokacin kaka, ɗauke da kati huɗu: Ingilishi, Hausar boko, Hausar ajami da Sakun. A karanta sakamakon a gaban jama'a kafin a sauko da shi, a bar kwafi a gidan sarki da makaranta, sannan a maimaita bayan shekara biyar da tambayoyi iri ɗaya a wata ɗaya.